Yayana ya ce sai ya ga lissafi: wace manhaja zan saka a shago?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 29, ina da ƙaramin shagon ɗab'i a Zariya. Muna buga katin biki, takardun makarantu, bana, riguna da kofuna. Shekara biyu da suka wuce yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni naira miliyan 4 na sayi inji da kwamfuta na kama shago, a kan za mu riƙa raba riba gida uku, shi kashi ɗaya ni kashi biyu. Ba mu rubuta komai ba. Ban da aikin shago, ina zana wa mutanen waje tambari da fosta ta Fiverr, wani shafin intanet da ake samun aiki, ana biyana da dala, kuma da daddare nake yi a kwamfutar shagon.

Ɗan ƙanwar mahaifiyarmu ne yake zama a shago, shi ke rubuta ciniki a littafi. Kuɗi kuwa wasu a hannu, wasu ta POS, wasu taransifa zuwa asusuna, wanda daga cikinsa nake cefanen gida. Bayan sallah Yaya ya ce yana son ganin lissafin shekara biyun. Na zauna na yi ta haɗawa, littafi da banki suka ƙi daidaita. Tun daga nan ya rage min fuska, har ya faɗa wa Hajiya mahaifiyarmu cewa ko dai ana cin kuɗinsa ko kuma ban san abin da nake yi ba. Wallahi ban taɓa cin masa kwabo da niyya ba.

Yanzu ya ce dole a saka manhajar lissafi. Abokinsa akanta ya ce QuickBooks ko ba komai. Wani mai gyaran kwamfuta ya ce zai saka min irin wadda aka fasa, wato kwafin sata marar lasisi, a dubu biyar. Wani abokina ya ce Zoho, wani ya ce Excel ma ya isa. Yaron shago kuma ya yi fushi, ya ce don shi za a kawo, ana masa kallon ɓarawo. Kaina ya kulle. Wacce zan ɗauka, kuma ta yaya zan dawo da yardar yayana?

Mai shagon ɗab'i, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta wasiƙarka, na kuma ji nauyin da ke zuciyarka. Ka kwantar da hankalinka a kan abu ɗaya tukuna: littafi da banki su ƙi haɗuwa ba shaidar cin amana ba ne. Duk shagon da kuɗi ke shigowa ta ƙofa uku, sannan cefanen gida da kuɗin tawada da dalar Fiverr suke fita da shiga a asusu guda, lissafinsa ba zai daidaita ba ko da waye yake riƙe da shi. Abin da ya same ka sakaci ne na tsari, kuma yana gyaruwa.

Amma kada wannan ya sa ka ga laifin Yaya don ya tambaya. Mutum ya ɗauki miliyan 4 ya damƙa maka ba takarda ba shaida, shekara biyu bai ga ko shafi ɗaya ba, ga shi yana kallon yadda darajar naira ta zube tun watan Yunin 2023. Haƙƙinsa ne ya san ko jarinsa na nan da rai. Inda ya yi garaje shi ne kai maganar gaban Hajiya da kalmar "ana ci" kafin ku zauna ku biyu, kuma na san ta yi maka zafi. Ka yi haƙuri da ita, ka amsa ta da takarda. Shi kuma ɗan'uwanku na shago, fushinsa yana da dalili: shi ne ƙarami, shi ne mai riƙe da biro, duk ranar da aka ce lissafi bai cika ba idanu kansa suke komawa. Zan dawo kansa.

Tambayarka ita ce wace manhaja, amma amsarta tana hannun wata yarjejeniya da ba ku yi ba tukuna. Kuɗin Fiverr na shago ne ko naka ne? Kai kana ganin gumin darenka ne. Yaya zai iya cewa a kwamfutar da ya saya aka yi shi, da wutar shago da man janaretan shago. Kowannenku yana da abin faɗa. Hanya biyu ce. Ko dai a cire shi daga lissafin shago gaba ɗaya, kai kuma ka riƙa biyan shago wani abu tsayayye duk wata, a ce dubu 20, kuɗin amfani da kwamfuta da wuta da data. Ko kuma a zuba shi cikin shago a raba yadda ake raba sauran. Ni na fi karkata ga ta farko, domin ta fi adalci ga gumin naka, ta kuma fi sauƙin lissafi nesa ba kusa ba. In aka raba su, shagon ba ya buƙatar manhajar da ta iya dala, kuma wannan kaɗai zai rage maka kuɗi mai yawa, don a yawancin manhajojin nan ana ajiye lissafin kuɗin ƙasashen waje ne a mataki mai tsada.

A wannan zaman ku yanke wasu abubuwa biyu. Na farko, abin da kake ɗauka na cefane: a tsayar da adadi duk wata, a rubuta shi a matsayin abin da ka ci daga kasonka na riba, a cire idan an zo rabo. Na biyu, tsufan inji. A ce injin ya ci miliyan 2.4, kuna sa ran zai yi shekara 5. Ke nan duk wata dubu 40 na darajarsa ke tafiya, kuma dole a cire wannan kafin a ce ga riba. In ba a cire ba, za ku yi ta raba jarin Yaya kuna kiransa riba, ranar da injin ya mutu a rasa na sayen wani. Yarjejeniyarku ta yi kama da abin da malaman fikihu ke kira ƙiradi, wato wani ya ba da dukiya wani ya yi aiki a raba riba, don haka ku nemi malamin da kuka yarda da shi ya duba sharuɗɗan, ku rubuta, ku sa hannu da shaidu biyu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta mu'amalar bashi, don haka babu wanda zai ce neman rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne.

Sannan tun gobe ka buɗe wa shago asusunsa na kansa. In ka yi wa sunan shagon rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, a buɗe da sunan. In ba ka yi ba, ka ware asusu guda da ba za a taɓa shi don gida ba, ka haɗa POS da shi, ka manna lambarsa a bango. Kada kwastoma ya sake tura kuɗi asusunka na kanka ko na yaron shago, ko da sabis ya ɗauke. Manhaja tana lissafa abin da aka shigar mata ne kawai, in aka ba ta cakuɗe, cakuɗe za ta fito da shi.

To yanzu maganar zaɓe. Kada ka zaɓa da jin suna ko da kyan talla. Manhajoji irin su Zoho Books da QuickBooks da Xero duk suna ba da gwaji kyauta na wasu makonni. Ka ɗauki littafin watan da ya wuce da takardar bayanin asusu ta watan da ya wuce ɗin, ka shigar da cinikinku na gaskiya, ka ga inda kowacce za ta cije. Ga abubuwan da suka fi tona asirin manhaja a shago irin naka.

Kafin alƙalami. Wani ya kawo aikin katin biki na dubu 180, ya ba da dubu 100 a ƙarshen Maris, aka gama aiki a Afrilu ya cika dubu 80. Wannan dubu 100 ba cinikin Maris ba ne, amana ce a hannunka har sai ka miƙa aiki. In aka fasa bikin, mayarwa za ka yi. Manhajar kirki za ta bar ka ka rubuta ta a matsayin kuɗin da aka ba da tun kafin aiki, sannan ka ɗora ta kan takardar neman biya idan aikin ya kammala, ta nuna saura dubu 80. Wadda ba ta iya wannan ba za ta nuna maka Maris ya yi riba mai ƙiba, Afrilu kuma ya faɗi, alhali takarda da tawadar aikin duk a Afrilu aka saye su. Da yawa daga ƙananan manhajojin waya na rubuta shiga da fita a nan suke gazawa.

Sai bashi. Makaranta ta karɓi takardun jarrabawa za ta biya sau uku, ɗan siyasa ya karɓi fosta ya ce sai bayan taro. Ka duba ko manhajar za ta fito maka da jerin masu bashi da sunansu, da adadin kowa, da kwana nawa bashin ya yi: wanda bai kai 30 ba, wanda ya kai 60, wanda ya haura 90. Wannan shafin shi ne zai fi yi maka amfani a kullum, kuma ina kyautata zaton wani kaso na kuɗin da ka nema ka rasa yana nan a hannun mutanen da aka manta ba a bi ba. Ka gwada har da wannan: ƙungiya ko ma'aikata ta ba ka aikin dubu 200, ta turo dubu 190, ta ce ta riƙe dubu 10 na harajin da ake cirewa tun daga tushe. Ana cire kashi 2 ko kashi 5 cikin 100 gwargwadon irin aikin. Dole manhajar ta iya rufe takardar da dubu 190 a banki da dubu 10 a matsayin harajin da aka riga aka biya maka. In ba haka ba, za ta yi ta nuna kana bin su dubu 10 har abada. Kai kuma ka riƙa karɓar shaidar cirewar, domin ana rage maka ita daga harajinka.

Na uku, haɗa lissafi da banki, wato inda ka sha wahala. Tallan manhajojin waje yakan ce suna jawo bayanan banki da kansu, amma an fi gina wannan ne da bankunan Amurka da Turai, don haka kada ka dogara da shi sai ka gani da idonka da naka bankin. Abin da ya zama dole shi ne ta karɓi takardar bayanin asusu da ka sauko da ita a fasalin Excel ko CSV. Ka lura da tsarin kwanan wata, domin mu rana muke fara rubutawa, Amurkawa kuma wata. In ba ka saita ba, 3 ga Afrilu sai ta koma 4 ga Maris, lissafin wata biyu ya ɓaci. Ka kuma buɗe gurbi na musamman don cajin banki: abin da kamfanin POS ke cirewa a kowane ciniki, naira 50 da ake cirewa a kan taransifar dubu 10 zuwa sama, kuɗin saƙon alat. Kowanne ƙarami ne, amma su ne suke sa littafi ya ce dubu 50 banki ya ce ƙasa da haka, kullum, har shekara biyu.

Na huɗu, mutane nawa za su shiga, kuma me kowa zai gani. Kana son yaron shago ya iya rubuta ciniki ba tare da ya iya goge na jiya ba, Yaya ya iya dubawa daga inda yake ba tare da ya iya canza komai ba. Ka nemi inda manhajar ke ajiye tarihin wanda ya shigar da abu, da wanda ya gyara, da lokacin. Na biyar kuma, wanda mutane suka fi mantawa: hanyar fita. Tun ranar farko ka gwada fitar da komai, jerin kwastomomi, ciniki, masu bashi, zuwa Excel. Kamfanoni suna ƙara farashi, suna janyewa daga ƙasa, wasu ma suna rufewa. Manhajar da ba ta bari ka kwashe bayananka, ka bar ta tun kafin ka shiga.

Akwai abu ɗaya da zan ce kada ka biya kuɗi dominsa yanzu, wato ƙididdigar haja ɗaya bayan ɗaya. Mai sayar da wayoyi yana buƙatarta, domin abin da ya sayo shi yake sayarwa. Kai kuwa nadin ledar bana kake sayowa ka sayar da ƙafa-ƙafa, gefe ya tafi a yanka, wani ya ɓaci a inji. Rim ɗin takarda mai guda 500 ya rabu a ayyuka goma. In ka ce sai manhaja ta bi kowace takarda, cikin sati biyu za ku gaji ku watsar. Ka ƙirga kaya ranar ƙarshen kowane wata: abin da aka fara wata da shi, a haɗa da abin da aka sayo, a cire abin da ya rage, shi ne abin da aiki ya ci. Riguna da kofuna kaɗai za ka iya bi da ɗai-ɗai, su ma littafi ya ishe su.

Mu zo kan sunayen da aka ambata maka. QuickBooks na kamfanin Intuit ne na Amurka, manhaja ce mai ƙarfi, kuma abokin Yaya bai yi ƙarya ba: akantoci da yawa sun san ta, kamar yadda suka san Sage 50 da a da ake kira Peachtree. Matsalarta a wurinka tsada ce da tsarin matakai. A nau'inta na intanet, matakin farko mutum ɗaya ne zai iya shiga, na biyu uku, na uku biyar. Lissafin dala daga na biyu yake farawa, ƙididdigar haja kuma sai na uku. Kuma in ka kunna lissafin kuɗin waje a cikinta ba a sake kashe shi. Farashin da ake nuna maka da farko sau da yawa na rangwamen watannin farko ne. Ka ɗauki farashin da zai dawo bayan rangwame ka ninka sau 12, ka mayar naira. A ce dala 30 ce a wata: dala 360 ke nan a shekara, in dala tana naira 1,500 ya kama dubu 540. Ka ajiye wannan kusa da ribar shagonka ta shekara ka gani ko ta cancanta. Ga kuma wahalar biya, don a 2022 bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira a shafukan waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi da iyaka. Xero ta ƙasar New Zealand ba ta ƙayyade yawan masu shiga, amma matakinta na ƙasa takardun neman biya 20 kawai yake bari a wata, shagon ɗab'i kuwa zai cinye su cikin 'yan kwanaki. FreshBooks an yi ta ne don masu aikin kansu, sai dai ƙaramin matakinta kwastomomi 5 ne. Wave, wadda za ka ga ana yawan yabo saboda kyauta ce, tun ƙarshen 2020 ta taƙaita ga Amurka da Kanada, kada ka ɓata lokacinka.

Wadda aka fasa ta dubu biyar kuwa, kada ka yarda ko kyauta ce. Ban da kasancewarta kayan sata, irin waɗannan su ne hanyar da ake cusa wa kwamfuta ƙwayar cuta mai satar kalmar sirri ko mai kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa, kuma wannan kwamfutar ita ce kake shiga banki da Fiverr da ita. Ranar da fayil ɗin lissafin ya lalace ba ka da wanda za ka kira. Kuma ba ka ma buƙatarta, tunda akwai na halak kyauta.

Ga inda na tsaya. In sabis yana da kyau a shagonku, ka fara gwada Zoho Books. Kamfanin Indiya ne, yana karɓar biya da naira, yana da matakin kyauta ga ƙananan sana'o'i wanda ke ɗaukar mutum ɗaya da akantansa, kuma yana aiki a waya. Don yaron shago ya samu tasa ƙofar shiga sai ka hau matakin biya na farko, kuma ina ganin wannan kuɗin ya cancanta, saboda shi ne zai ba kowannenku sunansa a kan abin da ya rubuta. In kuwa sabis yana yawan ɗaukewa ko ba ka son kuɗin wata-wata, ka sauko da wata manhajar kwamfuta mai suna Manager: kyauta ce, ba ta buƙatar intanet, tana yin cikakken lissafi har da dala. Raunin ta shi ne a kwamfuta ɗaya take zaune, Yaya ba zai leƙa daga nesa ba sai dai ka tura masa rahoto, kuma ajiyar kwafi a wuyanka take. Duk Juma'a ka kwafe fayil ɗin a filashi da ba a shago yake kwana ba, ka kuma tura wa kanka ta imel. Excel ya ishi lissafinka na Fiverr, amma ban ba ka shawarar sa shago a kai ba, domin kowa na iya canza lamba ba tare da ta bar sawu ba, kuma sawun nan shi ne abin da gidanku ke buƙata yanzu.

Lissafin Fiverr ɗin ma ka yi shi daidai ko da ya zama naka kai kaɗai. Aikin dala 100, Fiverr na riƙe dala 20, sauran 80 sai sun yi kwana 14 kafin ka iya cirewa. Ka rubuta ranar aiki, cikakken farashi, abin da aka cire, ranar da ka fitar ta Payoneer, wato kamfanin karɓar kuɗi daga waje, ko wata hanya, da nairar da ta shiga hannunka. In ranar aiki dala tana 1,500 amma aka canza maka a 1,470, naira 2,400 ta tafi a canji. Ta samu nata gurbin.

Wajen farawa, ka zaɓi ranar 1 ga wata. A daren jajibirinta ku ƙirga kuɗin da ke aljihun tebur, abin da ke banki, masu bashi da sunayensu, waɗanda kuke riƙe da kafin alƙalaminsu, waɗanda ke bin ku kamar mai takarda, kayan da ke shago da darajar injuna a yau. Ka roƙi Yaya ya zo a yi a gabansa ya sa hannu. Waɗannan lambobin su za ka shigar a matsayin mafari. Gurabun kashe kuɗi kada su wuce 15 zuwa 20: takarda, tawada, ledar bana, mai, wuta, haya, albashi, gyara, sufuri, data, cajin banki da makamantansu. Wata biyu na farko a ci gaba da littafi tare da manhaja, a kwatanta su duk ƙarshen sati. A nan abokin Yaya zai yi amfani ƙwarai. Ka je ka same shi da girmamawa, ka nuna masa lissafin tsadar, ka roƙe shi ya saita maka gurabun ya kuma riƙa dubawa duk wata uku, ka biya shi. Akanta da ya san aikinsa zai iya karanta rahoton kowace manhaja, kuma kalmarsa ɗaya a kunnen Yaya ta fi taka goma a yanzu.

Shekara biyun baya kada ka ce sai ka zuba su a manhaja, za ka nutse. Ka karɓo bayanin asusunka na wata 24, ka bi layi-layi a Excel kana sa wa kowanne alama: shago, gida, Fiverr, ban tuna ba. Ka haɗa da cinikin hannu na littafi, ka fitar da jimillar kowane wata. Gurbin "ban tuna ba" ka bar shi yadda yake, ka nuna wa Yaya, kada ka cike shi da ƙiyasi. In ya yarda a raba shi ko a yafe, to. In bai yarda ba, ka ɗauke shi a kan kasonka ka biya a hankali. Zai yi maka ciwo, amma ya fi sauƙi a kan gaba tsakaninka da ɗan'uwanka.

Ɗan'uwanku na shago kuma ka kira shi gefe, ba a gaban kwastoma ba. Ka faɗa masa gaskiya cewa mafi yawan cakuɗewar daga asusunka ta fito. Ka nuna masa cewa abin da ya shigar da sunansa, da lokaci, shi ne zai wanke shi gobe idan wani ya yi zargi. Ka koya masa da kanka, ka ba shi aikin rufe rana: minti goma kafin a kulle, ya ƙirga kuɗin hannu, ya haɗa takardun POS, ya duba kowace taransifa a cikin asusun shago ba a hoton da kwastoma ya nuna a waya ba, saboda alat na bogi. In ka samu hali ka ɗan ƙara masa wani abu a albashi, tunda aiki ya ƙaru.

Lissafin nan zai yi maka rana a wasu wurare biyu. Mai sana'ar da ba kamfani ba harajinsa na mutum ɗaya ne, ana biyansa ga hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, a wurinku ta Kaduna, kuma ana miƙa bayanin shekara kafin ƙarshen Maris. A sabuwar dokar harajin da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, naira dubu 800 na farko a shekara ba haraji a kansu. A kan riba ake lissafi, don haka duk rasidin mai da takarda da ka ajiye yana rage maka nauyi. Ka riƙa ɗaukar hotonsu kana liƙawa a manhajar, ka adana bayanan aƙalla shekara 6. Harajin VAT kashi 7.5 ne, amma akwai sassauci ga ƙananan sana'o'i, don haka kada ka kunna shi a manhaja sai akanta ya tabbatar ya hau kanka. Sai zakka: ranar da shekararku ta cika, ka fitar da rahoton wannan ranar, ka ga kuɗin hannu da na banki da kayan sayarwa da bashin da ake sa ran biya. In sun kai nisabi, kimanin giram 85 na zinariya, a fitar da kashi 2.5. Injunan aiki ba sa ciki. Yadda za a raba nauyinta tsakaninka da Yaya, ku tambayi malamin da ya duba yarjejeniyarku.

Kada ka jira sai komai ya kammala kafin ka je wurin Yaya. Ka same shi a gida cikin satin nan, ka ce masa: "Yaya, gaskiyarka ce, na yi sakaci da rubutu. Ga abin da zan yi, ga ranar da zan fara, ina so ka zo a ƙirga a gabanka." Ka yi masa alkawarin shafi uku kafin ranar 5 ga kowane wata: riba da faɗuwa, jerin masu bashi, da abin da ke banki. Ka cika alkawarin ko watan da aka faɗi ne, musamman ma watan da aka faɗi. Hajiya kuma ku je tare ku sanar da ita kun zauna, don hankalinta ya kwanta.

In bayan wata shida kana tura masa shafukan nan amma zuciyarsa ba ta sauko ba, ka ba shi zaɓi cikin mutunci: a kimanta shagon da lambobin da ke hannu, a fitar da jarinsa da kasonsa na riba, ka riƙa biyansa kashi-kashi a kan lokacin da kuka rubuta, shagon ya zama naka. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a sana'ar. Idan ka gama gwajin watan farko, ka rubuto min inda ta cije mu duba tare.